Wane girma ya dace da bandarol ɗin ƙofar shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon atamfa da shadda a bakin titi kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram. Faɗin gaban shagon mita 4 ne, daga saman ƙofa zuwa kwanon rufi kuma akwai fili kamar mita 1 da ɗan kai. Bara na buga bandarol, wato ƙyallen talla, mai mita 2, na zuba jerin kayan da nake sayarwa, lambobin waya biyu da hotuna. Daga tsallaken titi ba a iya karanta shi, iskar hadarin farko kuma ta yage shi. Yanzu mai bugawa ya ce in zaɓa tsakanin mita 2 da 1, mita 3 da 1, ko mita 5 da 1.5. Wanne zan ɗauka? Daga wani ɗan kasuwa a Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo kasuwa. Ka ɗauki mai mita 3 da 1, wato mita 3 a kwance, mita 1 a tsaye. Amma bari mu nuna maka yadda lissafin ya kai mu can, don in ka buga mita 3 ka sake cika shi da rubutu kamar na bara, kuɗinka ne zai sake tafiya a banza.

Mai mita 5 ya fita tun farko. Gaban shagonka mita 4 ne, zai shiga hurumin maƙwabci, tsayinsa na mita 1.5 kuma zai sauko ya rufe saman ƙofa. Saura biyu, kuma abin da zai raba su yana tsallaken titi, wurin da mai karatu yake tsaye.

Ba daga ƙyallen ake fara awo ba, daga idon mai wucewa ake farawa. Ka fita ka tsaya inda kake son mutum ya fara gane shagonka, ka taka zuwa ƙofa kana ƙirgawa. Takun babban mutum yana kai wa santimita 70 zuwa 75, saboda haka taku 34 kusan mita 25 ke nan. Ƙa'idar da masu allunan talla suke aiki da ita ita ce: kowane santimita 1 na tsayin harafi yana ɗaukar ido daga nisan mita 1.2. Harafin mai santimita 1 ana iya karanta shi har daga mita 3, amma sai mai lafiyar ido da ya tsaya ya ƙura masa. Awo na farko shi ne na babban rubutu, na biyun iyaka ce da ba a so ko ƙaramin rubutu ya gaza ta. A nisan mita 25, babban layinka yana son haruffa masu tsayin santimita 21, ƙaramin layi kuma kada ya kasa santimita 9 ko 10.

Yanzu sai faɗi. Babban harafi mai kauri, tare da ɗan filin da ke tsakaninsa da na kusa da shi, yana cin kusan kashi 7 cikin 10 na tsayinsa. Harafi mai santimita 21 zai ci kamar 15 a kwance. Ɗauki ATAMFA DA SHADDA: haruffa 14 ne da gurabe 2 tsakanin kalmomi, 16 ke nan. Sau 15 ya ba da santimita 240. Ka bar santimita 15 fili a kowane gefe, ka kai 270. Mita 3 ya ɗauke shi da sarari. A kan mai mita 2 kuwa, filin rubutu 170 ne kawai, dole haruffan su sauko zuwa santimita 15, ƙarfinsu ya tsaya a mita 18. Ga kuma hotuna da jerin kaya da ka ƙara bara, waɗanda suka tilasta wa mai zane ya ƙara matse rubutun. Abin da ya hana a karanta shi ke nan.

Tsayin ƙyallen ma haka ake tara shi, layi bisa layi. Fili 10 a sama, babban rubutu 21, fili 10, layi na biyu mai 10 (a ce "Sari da ɗai-ɗai"), fili 10, lambar waya mai 14, fili 10 a ƙasa. Jimla 85. Mita 1 ya isa, har da ɗan saura da za a raba wa gurabe don rubutun ya sha iska. Lambar waya ta Nijar alƙaluma 8 ce, a rubuta ta bibbiyu kamar yadda muke faɗinta da baki; a tsayin santimita 14 za ta ci kusan mita 1 a kwance. Ɗaya ta isa. In ka sa biyu, mai wucewa ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Dalilin wannan tsuke magana shi ne lokaci. Ɗan kabu-kabu da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin fiye da mita 8 a daƙiƙa guda. Daga inda rubutunka ya fara bayyana zuwa ƙofarka daƙiƙa 3 ne, shi da fasinjansa kuma hankalinsu rabi yana kan hanya. Kalmomi 5 zuwa 7 su ne iyakar abin da za su kwasa. Ranar Alhamis da kasuwa ke cika, masu tafiya a ƙasa sun fi yawa kuma sun fi samun lokaci, amma amalanke da motocin kaya da rumfunan masu tebur suna tare ƙasan gani. Shi ya sa abin da ya fi muhimmanci yake hawa sama.

Akwai maganar harshe, wadda a garinmu ba ƙarama ba ce. Wani Faransanci yake karantawa, wani Hausar boko, wani ajami, wani kuma hoto kawai yake bi. In kana son harshe biyu, ka sani rubutu ya ninka, to ko ƙyalle ya ƙaru ko harafi ya ragu. A ganinmu, ga shago irin naka, babban layi ɗaya da Hausa da hoto guda babba na turamen atamfa a gefe ɗaya sun fi layi huɗu cikin harsuna biyu. In za ka sa hoton, ka ba shi santimita 60 zuwa 70 na faɗin, ka tsawaita ƙyallen zuwa mita 3.5, bangonka zai ɗauka, da saura santimita 25 a kowane gefe. Ajami kuma yana son ya fi boko girma kaɗan, domin ɗigo da wasali su ne suke fara ɓacewa daga nesa. In akwai ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a rubutunka, ka duba su a allon kwamfuta kafin a buga, don salon haruffa da yawa ba su da su, sai na'ura ta sa ɗan akwati ko wani harafi siriri a gurbinsu.

Kafin ka biya ko dala, ka gwada da abin da ke shagonka. Rabin turmi yadi 3 ne, wato kusan santimita 274, faɗin atamfa kuma ya ɗara mita 1 kaɗan. Ka rataya shi a saman ƙofa, ka ga kusan yadda mita 3 da 1 zai zauna. Ka yanka kwali, ka zana harafi biyu ko uku masu santimita 21 da baƙin alƙalami mai kauri, ka liƙa a kai, ka tsallaka titi ka duba. Ka duba da safe, ka sake dubawa da la'asar, don inuwar kwanon rufi tana sauya abin da ake gani.

Wajen mai bugawa, kalmar "tsawo" tana jawo asara, domin da ita muke faɗin na kwance da na tsaye. Ka ce masa "mita 3 a kwance, mita 1 a tsaye", ya rubuta a takarda a gabanka. In kuma aikin Kano za a aika, can da ƙafa suke awo. Ƙafa 1 santimita 30.5 ce, saboda haka ƙafa 10 da 3 ita ce mita 3.05 da santimita 91, ƙafa 10 da 4 kuma mita 3.05 da 1.22, wanda ya fi filin saman ƙofarka. Ka kuma tambayi faɗin naɗin ledar da yake buga bandarol a kanta. Kamar bandir ɗin yadi ne, kowanne da faɗinsa, na'urorin bugawa da aka fi samu kuma masu mita 1.6 ne da masu 3.2. In awonka ya dace da faɗin naɗin, babu ragowar da za a yar a caje ka kuɗinta, babu kuma haɗi a tsakiya. Kuɗin bugu da murabba'in mita ake lissafa shi: 3 da 1 murabba'i 3 ne, 5 da 1.5 kuwa 7.5, ninki biyu da rabi.

Ka tabbatar awon da kuka yi magana na bayan kalmasa ne. Bakin ƙyallen ana naɗe shi santimita 3 zuwa 5 a liƙe ko a ɗinke, a nan ake buga zobban ƙarfe da igiya ke bi. In ba a ƙara wannan a kan awo ba, ƙyallenka zai dawo a gajarce, wani lokaci zobe ya faɗa kan harafi.

Sai iska, wadda ta cinye maka na bara. Duk yadda ƙyalle ya ƙaru, haka ƙarfin da iska ke dukansa da shi yake ƙaruwa. Iska mai gudun kilomita 60 a awa tana tura kowane murabba'in mita da nauyin kusan kilo 20. A kan mita 3 da 1, in a sarari yake tana dukansa kai tsaye, kilo 60 ke nan, ya fi buhun siminti. A kan mita 5 da 1.5, kilo 150, buhu uku. In gudun iskar ya ninka, ƙarfin sau huɗu yake ƙaruwa. Iskar da ke gaban hadari daga Yuni zuwa Satumba takan zo a fusace daga gabas, ta hunturu kuma daga arewa maso gabas take busawa watanni tana kaɗa ƙyallen dare da rana har bakin zobe ya gaji ya tsage. Wanda aka ɗaure da kusurwa huɗu kawai, duk nauyin a kan zobba huɗu yake sauka. Ka sa a buga zobe kowane santimita 50: bakwai a sama, bakwai a ƙasa, ɗaya a tsakiyar kowane gefe. Ka nemi leda mai nauyin giram 440 a murabba'in mita, ko 510 in akwai. Masu 280 zuwa 340 na taron kwana biyu ne. Mafi kyau, mai walda ya yi maka firam na ƙarfe daidai awon, a ɗaure shi a bango, a ja ƙyallen ya miƙe tsaf, yadda iska ba za ta sami hanyar shiga bayansa ba. Yankan rabin wata da wasu ke yi a jikin ƙyalle don iska ta wuce ba ya rage nauyin sosai, kuma daga nan yagewa ke farawa. In wata rana za ka rataya a sarari, tsakanin sanduna biyu ko a kan shinge, akwai leda mai ƙananan huji kamar raga da aka yi domin haka, sai dai launinta bai kai na ledar da ba ta da huji kauri ba, siririn rubutu kuma ba ya fitowa a kanta.

Wanda ake ƙetara titi da shi wani awo ne dabam: dogo siriri, kamar mita 6 zuwa 8 a kwance da santimita 80 zuwa mita 1 a tsaye, layi ɗaya ko biyu kacal. Ƙasansa ya yi nisan mita 6 daga kwalta saboda manyan motoci masu lodi, ya nisanci wayoyin lantarki, kuma sai an nemi izini a ofishin magajin gari. Na cikin shago ko zauren taro mai tsayawa da ƙafarsa, wanda ake ja daga ƙasa, awonsa da aka saba santimita 85 da mita 2 ne, ana karanta shi daga mita 2 zuwa 3, haruffan santimita 3 zuwa 8 sun ishe shi.

Girman ƙyalle yana tona asirin hoto. Don abin da za a kalla daga nesa, ɗigo 72 a kowane inci a cikakken girmansa ya wadatar. Hoton waya mai fiksel 4000 da 3000 zai kai kusan mita 1.4 da 1 bai fashe ba, ya ishi gurbin santimita 70 ɗinka. Amma in ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ya ragu ƙwarai. Ka tura shi a matsayin fayil, ko ka kai wayar a kwafa da igiya. Kada kuma a ɗauki zanen da aka yi wa mita 2 da 1 a ja shi ya cika mita 3, haruffa za su baje, turamen atamfa su koma kamar an taka su. Sabon awo, sabon tsari.

Launi ma yana ƙara wa harafi nisa ko ya rage masa. Baƙi a kan rawaya, ko fari a kan shuɗi mai duhu ko kore mai duhu, suna fitowa ko cikin hazon hunturu. Ja da shuɗi kuwa suna narkewa cikin juna, musamman a jikin bango mai launin ƙasa. Ranar Afrilu da Mayu tana cin ja da rawaya kafin sauran launuka, saboda haka in gaban shagonka yamma yake kallo, ka sa babban rubutun da lambar wayar su zama baƙi ko fari, ka bar ja ga ado. In ƙura ta kwanta a kai, tsumma mai laushi da ruwa da ɗan sabulu sun isa. Kada a sa fetur ko kananzir, suna ɗaga tawada.