Wa ya biya kuɗin jiragen Kolombas da 'yan'uwansa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Gombe. Ɗalibaina suna so su san wanda ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyen farko da Turawa suka yi ta teku, da abin da suka fita nema. Gaskiya ne sarauniyar Sifen ta jinginar da gwala-gwalanta saboda Kolombas?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zancen gwala-gwalan nan ba shi da tushe. Tafiyar da Kolombas ya yi a 1492, wadda ta kai shi Amurka, ta ci marabedi, kuɗin Sifen na lokacin, wajen miliyan 2. Fiye da rabi wani ma'ajin fada, Luwis de Santanhel, ya ranto wa masarauta. Garin Falos aka ɗora wa samar da jirage biyu cikin ukun, a madadin wata tara da ake binsa. Shi ma Kolombas ya zuba nasa kaso da bashin 'yan kasuwar Italiya, aka rubuta masa kashi 1 cikin 10 na duk dukiyar da aka samo, ga sarautar ƙasashen da ya gano. Haɗin jari ne, irin na attajiri da falkensa.

Abin nema kuwa, zinariya da kayan yaji. Masoro, kanumfari da kirfa, waɗanda yau ake auna miki a Tsohuwar Kasuwa, sai sun bi hannun fataken Musulmi da na birnin Benis na Italiya kafin su isa Turai, kowa ya ɗora ribarsa. Zinariyar Afirka ta Yamma ma ta Sahara take ratsawa. Fotugal ta kama Sabta, wani gari a gaɓar arewacin Afirka, a 1415, sannan ta fara bin gaɓar teku don ta kai ga tushen. Akwai kishin Kiristanci a ciki, kada ki ɓoye wa ɗalibai wannan, amma lissafin riba ne ke tsara tafiyar.

Dubi yarjejeniyar 1469. Sarkin Fotugal ya ba ɗan kasuwa Farnawo Gomes cinikin gaɓar Gini, wato gaɓar Afirka ta Yamma, shi kaɗai na shekara 5, bisa sharaɗin ya riƙa biyan rais, kuɗin Fotugal na lokacin, 200,000 duk shekara, ya kuma gano sabuwar gaɓa ta fiye da kilomita 500 a kowace shekara. Mutanensa suka kai ga zinariyar Gana ta yau, inda aka gina gidan Elmina a 1482. Tun 1444 ma an fara sayar da bayin Afirka a Fotugal.

Asara ba kaɗan ba ce. Watanni ba ɗanyen 'ya'yan itace, dasashi ya kumbura, haƙora su zube. Fiye da rabin mutanen Basko da Gama, wanda ya jagoranci jiragen Fotugal zuwa Indiya, ba su dawo ba. Majelan, jagoran ayarin Sifen da ya fara zagaya duniya, ya fita da jirage 5 a 1519, ɗaya ya dawo a 1522 da mutum 18, amma kanumfarin da ke cikinsa ya mayar da kuɗin tafiyar.

Masu yaƙin cin ƙasa kamar Kortes, ɗan Sifen da ya ci Meziko, sun ci bashi ne suka haɗa jirage da makamai. Sojojinsu ba albashi, sai rabon ganima bayan sarki ya cire humusinsa. Mai bashi a wuya ba ya komawa hannu rabbana, kuma wannan na cikin dalilan kwasar dukiya da zubar da jinin da aka yi a Meziko da Feru.