Majimfa: Daga Ina Take, Kuma Me Ke Raya Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. A bayan gonar kawuna da ke wajen Bukuru akwai wata shuka mai gashi-gashi a ganye da kwasfa, furenta fari. Kawu ya ce sunanta majimfa, wai da ita ake kamun kifi a da. Shin 'yar ƙasa ce, kuma me ya sa take yin kyau a inda masara ta ƙi? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Majimfa 'yar asalin Afirka ce, dangin wake da gyaɗa, kuma ana samunta tun daga Afirka ta Yamma har Habasha, ta gangara zuwa Zambiya. Masana na kiranta Tephrosia vogelii, domin tunawa da Theodor Vogel, Bajamushen masanin tsirrai da ya shigo kogin Kwara a 1841. Tana son saura da bakin kurmi, tana jure ƙasa mara ƙarfi, kuma tudu irin na Filato bai dame ta ba, amma ba ta son inda ruwa ke kwanciya.

Amsar tambayarka ta biyu tana cikin saiwa. Ka tumɓuke ƙarama ka karkaɗe ƙasar, za ka ga ƙullutai kamar ƙwayar dawa a manne da ita. A cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta ke janyo naitirojin daga iska, wato sinadarin da manomi ke nema idan ya sayi takin yuriya, shi ya sa manoma a Malawi da Zambiya ke shuka ta don farfaɗo da gonar da ta gaji. Ina matuƙar son ganin an gwada haka a filayen da haƙar kuza ta lalata. Sai dai kada ka bi bayanta da tumatir, domin tana tara tsutsotsin nan masu kumbura saiwa.

Kawu ya yi gaskiya kan kifi. Ganyenta na ɗauke da gubar rotenon mai hana kifi numfashi, wadda ba ta bambanta babba da ƙarami, kuma dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta zuba guba a ruwa. Ina roƙonka ka bar ta a gona, nesa da rafi.