Son zuciyar siyasa a bincike: amsa ga ɗan'uwa mai tambaya

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda mai bincike zai gane cewa ra'ayinsa na siyasa ya kutso cikin aikinsa, da yadda zai magance shi. Ni ma ya taɓa kama ni.

Lokacin da nake digiri na biyu, na tsara tambayoyi kan wata manufar gwamnati da na tsana tun asali. Tambaya ta uku ita ce: "Ta yaya wannan manufa ta cutar da iyalinka?" Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "To wanda ba ta cutar da shi ba, ina zai rubuta amsarsa?" Kunya ta rufe ni. Ni da nake yawan zargin wasu da son kai, ashe na yanke hukunci tun kafin in tambayi kowa. Laifi tudu ne.

Amma inda abin ya fi ɓoyewa shi ne wajen sakamako. Idan ya yi maka daɗi, ba ka sake leƙa shi. Idan ya saɓa maka, sai ka kwana kana neman inda lissafi ya kuskure. Kada ka ɗauka ilimi mai zurfi yana kare mutum. A 2013 Dan Kahan na Jami'ar Yale da abokan aikinsa sun ba mutane alkaluma iri ɗaya, wasu aka ce musu na maganin ƙurajen fata ne, wasu kuma na dokar hana yawo da bindiga. Gwanayen lissafi sun warware na maganin daidai, amma da aka zo na bindiga sai amsar da yawansu ta bi ɓangaren siyasarsu.

Abin da nake yi yanzu, kafin in tara bayanai, ina rubuta hasashena da irin sakamakon da zai nuna ban yi daidai ba, in sa kwanan wata, in ba wani ya riƙe. Akwai shafukan intanet na masu bincike, irin su OSF, da ake yin rajistar haka. Sannan ina kai aikin wurin wanda na san ba mu sha inuwa ɗaya a siyasa, ba wurin abokin da zai yaba ba. Yana da ɗaci, ba zan ɓoye maka ba. Na ƙarshe da na kai wa ya ja layi ƙarƙashin kalmar "zalunci" har sau shida, ya ce in kawo alkaluma ko in goge. Biyu kawai suka tsira.