Turancina Yana Gudu Idan Na Tsaya Gaban Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da aji huɗu a wata firamare a Kumo, jihar Gombe. Ina da NCE, kuma in dai a takarda ne ina gane Turanci sarai. Amma da na tsaya gaban yara, ko jami'in SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ya shigo duba aiki, sai bakina ya yi nauyi in koma Hausa. Wane littafin nahawu zan saya?
Wata malama, Kumo

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Nahawu kin sha shi a kwaleji, bakin ne kawai bai saba ba.

Turancin aji ba shi da yawa. Gobe ki ajiye takarda a kan tebur, duk abin da kika faɗa wa yara da Hausa ki rubuta shi: kiran rajista, a buɗe littafi, a share allo, tsawatar wa masu surutu, sallamarsu idan an kaɗa ƙararrawa. Za ki tarar abu ɗaya kike ta nanatawa. Ki zauna da wanda ya fi ki Turanci cikin malamai, ku mayar da su gajerun jimloli, irin su "Open your books", "Who wants to try?" da "Say it again". Kullum ki faɗe su yadda suke, kina nuni da hannu, kada ki riƙa canza su. Yara za su haddace, ke ma fargabar za ta sake ki.

Darasin gobe kuwa, ki karanta shi da ƙarfi tun da dare, ki naɗi muryarki a waya ki saurara. A nan ne za ki ji inda "p" ɗinki ke zamewa ta koma "f", wanda ciwon Bahaushe ne kusan kowa. Shirye-shiryen BBC Learning English kyauta ne a YouTube, ki sauke kaɗan ranar da kike da data.

Kada kuma ki ɗauki Hausa a aji laifi ce. Abu mai wuya ki warware musu da Hausa, sannan ki maimaita da Turanci, tunda da shi za su rubuta WAEC da NECO nan gaba. Ni dai ba na tare da masu zane yaro don ya yi Hausa. Shiru kawai yake koya.

Shi kuma jami'in, ki miƙa masa littafin shirin darasinki, ki ba shi kujera a bayan aji, ki ci gaba da jimlolin da kika saba.