Amsar tambaya kan sunan Dalziel

Assalamu alaikum 'yan guruf. Ƙanwata da kika ce malaminku ya rubuta Boswellia dalzielii, sunan kimiyya na bishiyar hano, a allo kina so ki san daga ina dalzielii ɗin ya fito, toh ai sunan mutum ne, Dalziel, kuma ko a can Birtaniya ba ko'ina za ki ji mai sunan ba.

Da farko dai ba "Dalziyel" ake cewa ba, 'yan Sikotland "Diyel" suke kiransa. Wannan z ɗin asali ba z ba ne, wani tsohon harafi ne yogh mai sauti kamar y, da aka zo buga littattafai da inji masu ɗab'i ba su da shi sai suka riƙa cusa z a gurbinsa tunda sun yi kama a ido, shikenan ya zauna har yau. Mackenzie ma haka aka yi masa. Wasu dangin da y suke rubuta nasu, kamar Tam Dalyell da ya yi ɗan majalisa daga 1962 har 2005.

Asalinsa sunan wuri ne kusa da garin Motherwell na Sikotland a bakin kogin Clyde, masu ƙasar suka ɗauka ya zama nasu, yadda mu ma muke da su Shagari da su Kano. A harshen Gaelic, wani tsohon harshen Sikotland, dail fili ne na bakin kogi, fadama dai, geal kuma fari, farar fadama kenan. Suna da wani labari wai kakansu ne ya bugi ƙirji ya je ya ƙwato gawar ɗan'uwan sarki a hannun abokan gaba aka ba shi sunan, ni kam tatsuniya na ɗauke shi, kowane gida na son kakansu ya zama jarumi.

Shi na bishiyar taku, John Dalziel, likita ne da ya zo Arewa a 1905, yana aikin asibiti yana bin daji yana tara ganye da saiwa, a 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa. Bishiyar kuwa hano ce, wasu su ce ararrabi, wadda ɓawonta ke saluɓewa siriri siriri, ake dafa sassaƙenta a sha, ƙaronta a yi turare.

Amma fa a aji ki faɗe shi yadda malaminku ke faɗa, kar ki je gyara masa ki jawo wa kanki.