Kwaku ɗin da ka gani, Balarabe ne

Ɗan'uwa, tambayarka ta iso, na kuma gane inda ta dosa. Ka ga hoton yarona an rubuta Kwaku a ƙasa, shi ne kake cewa ko mu mutanen zangon Kumasi a Ghana mun bar Hausa ke nan. To, sunansa na yanka Usman, sunan mahaifina. Ranar bakwai liman ya zo da sassafe, aka raba goro, aka yanka rago, kamar dai a Kano. Ni ko sau ɗaya ban taɓa kama sunan ba, Baba nake ce masa.

Kwaku daga wajen uwarsa ya fito. 'Yar Ashanti ce, ta musulunta kafin aurenmu, kuma na san a nan ne wasunku ke taɓe baki. Su ranar haihuwarka ce ke ba ka suna: Kofi Annan ɗan Juma'a ne, Kwame Nkrumah ɗan Asabar. Mu kuma Ɗanjuma da Asabe da Ladi da Talatu daga ina suka samo nasu? Ran Laraba aka haifi yaron nan. Mahaifiyata ta ce Balarabe, surukata ta ce Kwaku, tsofaffin biyu magana ɗaya suke yi.

Inda suka fi mu zaƙewa, su har hali suke rataya wa sunan. Kwadwo, ɗan Litinin, wai salihi ne. Kwaku kuwa fitinanne, don Gizon tatsuniyarsu ma Kwaku Ananse ake ce masa. A 1954 wani masani, Gustav Jahoda, ya duba takardun kotun yara a ƙasar Ashanti, ya tarar 'yan Laraba sun fi yawa a laifin faɗa, 'yan Litinin kuma ba su cika shiga ba. Ni ban ɗora wa Laraba laifi ba, bakin mutane na ɗora wa, don a gidana na gani. Yana ɗan shekara biyar ya tsame nama a tukunya, surukata ta tuntsire da dariya ta ce ai Kwaku ne, me ake jira. Washegari ya sake, mahaifiyata ta kama kunnensa ta ce mai sunan Malam ba ya haka. Har yau in ka kira shi Usman sai ya gyara zama ya sunkuyar da kai. Kira shi Kwaku ka ga ido ya bushe.

Ba wasa muke yi da suna a nan ba. A 1969 gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Kawuna a zango aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, amma sunansa Garba, sai ya tsinci kansa a bayan babbar mota. Har gobe in ka je yin katin ɗan ƙasa ka faɗi suna irin namu, a wani wurin sai an ɗaga kai an tambaye ka garin kakanka. Da kawun nawa ya isa Kano kuma, yana buɗe baki ya ce wa mace "ya zo", aka sa masa Ɗangana, da shi aka binne shi.