Tambaya da Amsa: Maganin ciwon gwiwa da gigin tsufa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Makka tare da mahaifiyata, wadda ta haura shekara 70. Ciwon gwiwa ya matsa mata, kusan kullum sai ta sha Voltaren ko Brufen da muke sayo mata a kantin magani. Kwanan nan ta soma mantuwa, takan ajiye carbinta ta rasa inda ta sa shi, wani lokaci kuma ta yi ta maimaita tambaya ɗaya. Ƙanena ya ce ya ji waɗannan magunguna suna kare ƙwaƙwalwa, maƙwabciyarmu kuwa ta ce su ne suke rikita ta. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya saka miki da alheri bisa hidimar da kike yi mata.

Maganar ƙanenki tana da tushe. Masana sun daɗe da lura cewa akwai kumburi a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke kawo gigin tsufa, saboda haka aka yi fatan magungunan da ke rage kumburi za su taimaka. Wani dogon bincike da ake yi a birnin Rotadam na ƙasar Holan ya ƙarfafa wannan fata a 2001, sannan a 2025 ya sake nuna cewa cikin mutum fiye da 11,000, waɗanda suka sha irin waɗannan magunguna sama da shekara 2 sun samu ragin haɗarin gigin tsufa da kimanin kashi 12 cikin 100.

Sai dai bincike irin wannan bibiyar mutane kawai yake yi, ba ya iya tabbatar da cewa maganin ne sanadi, domin wanda ya jure shan ƙwayar shekara da shekaru yawanci shi ne wanda dama cikinsa da ƙodarsa suke da ƙarfi. Da aka zo ga gwaji na haƙiƙa, inda ake ba wasu maganin, wasu kuma a ba su ƙwayar da babu komai a cikinta, sai fatan ya dushe. An gwada naproxen da celecoxib, waɗanda dangin Voltaren da Brufen ne, a kan tsofaffi a Amurka, aka dakatar a 2004 saboda fargabar illa ga zuciya, kuma ba a ga wata kariya ba. An gwada asfirin kaɗan kullum a kan mutum sama da 19,000 a Ostareliya da Amurka, gigin tsufa bai ragu ba, zubar jini ce ta ƙaru. Maganar maƙwabciyarku ma ba ta tabbata ba, ko da yake wani bincike na 2009 a Amurka ya sami ƙarin gigin tsufa a tsakanin masu yawan shan waɗannan magunguna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne cikin Inna da ƙodarta. Waɗannan ƙwayoyi suna kawo gyambon ciki da zubar jini, suna ƙara hawan jini, kuma suna rage jinin da ke isa ƙoda, musamman idan ruwan jiki ya yi ƙasa. A garin da zafi kan wuce digiri 45, tsohuwar da ke azumin Litinin da Alhamis, ko take fita ɗawafi ba ta sha isasshen ruwa ba, tana cikin haɗari ƙwarai, balle idan tana da ciwon sukari ko tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Voltaren da Brufen kuma dangi ɗaya ne, ba a haɗa su, ga shi mai mantuwa takan sha ta manta ta sake sha, don haka ki riƙe magungunan a hannunki.

Ki kai ta asibiti da dukkan kwalayen da take sha, a auna ƙodarta da jininta, a duba sinadarin B12 da aikin ƙwayar maƙogwaro (thyroid) da kuma jinta, domin wasu dalilan mantuwa suna da magani. Ki tambayi likita ko Panadol da man shafawa na Voltaren za su wadatar da gwiwar. Idan likitan zuciya ne ya sa ta shan asfirin, kada a daina sai da izininsa. In kuwa kika ga bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin, ko ƙafafunta sun kumbura, ko fitsarinta ya ragu, kada ki bari a kwana.